Kwamfutar Baba Ta Daina Jin Yatsansa

Masu turo min saƙo cewa in rabu da Mansir in kama Abdulsalam tunda shi ne mai gida da mota, na ga saƙonninku, Allah ya bar zumunci. Sai dai ku ɗan ajiye shawarar tukuna, don yau ba ƙarar kowa na kawo muku ba sai tawa. Tun ɗazu nake zaune a bakin gado da waya a hannu, in rubuta in goge, saboda da wuya mutum ya ba da labarin da shi ne mai laifi a ciki.

Ga wanda yau ya fara biyo ni, sunana Saudatu. Ina ajin ƙarshe a jami'a can Yelwa, gidanmu kuma yana Gwallameji, a layin da kwalta ta ƙare ta bar mu da taɓo duk damina. Mansir shi ne wanda nake so, shekara biyu ke nan. Gyaran kwamfuta yake yi a shagon Oga Matthias kusa da makarantarmu. Baba ya san da zamansa, ya kuma yarda a jira shi har bayan Babbar Sallah, domin a gidan su Mansir ba a nema wa ƙane aure alhali na wansa bai ɗauru ba, kuma bikin wan nasa sai bayan Sallar. Abdulsalam kuwa ɗan Gwaggo Maimuna ne, yayar Baba. Yana aiki a sakateriya, mutumin kirki ne ba zan ɓoye ba, amma in kuka zauna hira ba za ta wuce farashin siminti ba.

Ranar Lahadin nan Baba ya kira ni falonsa. Bai ko kashe rediyo ba, ya ce in gaya wa yaron nan ya turo magabatansa kafin Juma'a, in ba haka ba zai saurari Yaya Maimuna a kan maganar ɗanta. Na ce Baba ai kai ka ce sai bayan Sallah.

"Na ce, Uwata," in ji shi. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. "Ba zan yi miki dole ba. Amma ina so in san hannun da zan bar ki a ciki."

Ni da kunnen ƙashi, kalmar Juma'a kaɗai na ji. Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo, na ɗora laifin duka a kan Gwaggo, wadda kwanan nan kullum safiya sai ta aiko da masa mai zafi a kula da miyar taushe kamar an ɗora mata haraji. Mansir ya je ya sami mahaifinsa, aka ce masa ba a kansa za a fara canza al'adar gida ba. Yau Laraba, saura kwana biyu ke nan.

Yanzu bari in koma da ku baya kaɗan, don ba a falon nan abin ya fara ba.

Babana tsohon malamin gona ne. Shekara talatin ya yi yana zaga ƙauyukan Zungur a kan babur, har manoma suka fi sanin ƙarar babur ɗinsa da ta motar hakimi. Shekara uku da suka wuce hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, yana takawa da sanda, amma hannun bai dawo ba. Wata shida muka yi ba mu ji dariyarsa ba. Abin da ya dawo mana da shi wata tsohuwar laftof ce baƙa da ya saya dab da ritayarsa. Ya koyi buga rubutu da manunin yatsansa na hagu, harafi ɗaya bayan ɗaya, ya fara rubuta littafi a kan irin dawa da geron da manoman Zungur ke adanawa tun kakanni, da yadda suke gane ruwan shuka na gaskiya da na yaudara. Kullum da ya sha kokonsa zai zauna a kujerarsa mai hannu, a ɗora masa filo a cinya, a ɗora laftof a kai, sai ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas har kiran Azahar. A gidanmu in ana jin wannan ƙarar ba sai an tambayi Baba ya jiki ba.

Ku riƙe wannan, don a nan gizo yake saƙa. Ɗan filin nan da ke ƙasan madannan rubutu, wanda ake shafawa da yatsa kibiya ta motsa, su Mansir tocfad suke ce masa, Baba kuwa faranti. Maɓallai biyu na ƙasansa sun daɗe da mutuwa tun da shayi ya zube musu, maus kuma ba shi da wurin zama a kan filo. Don haka Baba da faranti kaɗai yake aiki. Ya ja kibiya zuwa kan littafinsa, ya ƙwanƙwasa sau biyu da kan yatsa, ya buɗe.

Laftof ɗin kuwa ta tsufa ta cika da ƙwayoyin cuta daga filash ɗin mutane. In ka kunna ta, sai ka dafa shayi ka dawo ba ta gama tashi ba. Akwai ranar da ta cinye masa babi guda a kan dawa kaura, ya kwana biyu ba ya magana. Amma ya hana a kai ta shago, tun da wani mai gyara ya taɓa share masa hotunan aikin Hajjinsa. Shi kuma Mansir ya daɗe yana min wa'azin wata manhaja wai ita Linux. Kyauta ce, mutanen duniya ne suka haɗu suka gina ta, kowa yana iya leƙa cikinta ya ga yadda aka yi, kuma tsohuwar na'ura in ta same ta sai ta koma budurwa. In ya fara wannan bayani sai ka rantse mai tallan magani ne a kasuwar Wunti.

Wata Asabar da Inna ta raka Baba asibiti wajen gashin ƙashi, na kira Mansir. Ya zo cikin yadinsa ruwan ƙasa da hular da na saya masa, ya zauna a baranda kan tabarma, na fito masa da laftof da zoɓo mai sanyi. Zan faɗi gaskiyarsa, ya yi aikin da kula. Sai da ya kwafe littafin a filash biyu kafin ya taɓa komai. Da ya gama sa sabuwar manhajar, ya mayar da hoton gonar Baba ta Zungur a fuskar allon, ya ajiye littafin daidai kusurwar da yake, da karatun Alƙur'anin da Baba ke saurara a ƙasansa, yadda mai tabarau irin na Baba ba zai ga bambanci ba. Ya gwada komai da ɗan ƙaramin maus ɗin da yake yawo da shi a aljihu kamar carbi. Ni kuma na shafa faranti, kibiya ta ruga da gudu, muka ce shi ke nan.

Ni ce na ce kada a gaya wa Baba. Lissafina shi ne in bari sai ya yaba saurin da kansa, sannan in sunkuyar da kai in ce ai aikin Mansir ne, a ƙara masa maki. Har da dariyata ranar, ina jin babu mai dabara irina a garin Bauchi.

Washegari na kasa kunne. Na ji ƙwas ƙwas sau uku ko huɗu, sai shiru. Litinin ma haka. Na ce a raina shi ke nan ya gane an taɓa masa, fushi yake yi, sai na shiga kauce masa. Ranar Talata da ya shiga banɗaki na ɗauko laftof ɗin in duba ko wani abu ne, na ɗora a tebur, na jona maus ɗina saboda da shi na saba. Komai lafiya lau, littafin ya buɗe kafin ƙiftawar ido. Ban ji tahowarsa ba sai da sandarsa ta tsaya a bayana.

"Tana buɗe miki?"

"Lafiya lau, Baba. Kamar sabuwa."

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "To, madalla," ya juya. Ni kuma na bi bayansa da ido ina jiran yabo, har da ɗan jin haushi da bai zo ba. Daga ranar ya lulluɓe ta da tawul ya ajiye a saman kabad.

Da ina da ido da na gani. Ya rage cin abinci. Ya kira ɗan'uwansa Kawu Yero daga Zungur suka rufe ƙofa suna maganar iyakokin gona. Ya ba limamin unguwarmu babbar rigarsa ta shadda wadda ko ranar Juma'a ba ya yarda ya sa sai da Sallah. Duk na gani, amma kaina yana kan furojet ɗina da saƙonnin Mansir, na ce tsufa ne.

Yau da hantsi ina kicin tare da Inna, tana tsinke zogale a tire ni kuma ina jajjage, bakina bai huta ba. Na ce Gwaggo ce ta zuga shi, na ce masar nan tata ba ta banza ba ce, na ce abubuwan da ba zan maimaita muku ba. Inna ta bar ni sai da na gaji, sannan ta ture tiren gefe. Ita Ummi take ce min, don ba ta faɗin sunan surukarta.

"Ummi, ki bar ɗaukar alhakin Gwaggonki. Ba ta san komai ba. Hannun hagun ne ya fara tafiya."

Na ce wane hannu. Ta leƙa ƙofa ta rage murya. Ta ce Malam ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba, amma abin ya fi ƙarfin cikinta. Ya gaya mata yau mako biyu da wani abu yana taɓa farantin kwamfutarsa ba ya amsa masa. Yana iya jan kibiya, amma in ya ƙwanƙwasa babu ƙarfin da zai buɗe. Da farko ya yi zaton na'urar ce, sai ya ga ta buɗe min a gabansa. Ya ce wancan karon ma haka ya fara, biro ne ya dinga suɓuce masa kwana biyu kafin ya faɗi. Ya ƙi a koma asibiti, wai ba sai likita ya gaya masa abin da ya riga ya sani ba. Ta ce sau biyu tana kama shi bayan sallar Asuba yana tsira wa kan yatsansa allurar ɗinkinta.

"Na ce masa Malam ai kana jin zafin allurar. Ya ce min jiki yana ruɗin mai shi, amma na'ura ba ta ƙarya."

Ban san lokacin da taɓarya ta bar hannuna ba. Inna ta ɗauka tausayi ne ya kama ni, har tana ba ni haƙuri tana cewa mu yi ta addu'a. Ni kuwa lissafi nake yi, domin ranar da ta ƙirga ita ce washegarin zuwan Mansir.

Sai da na jira Baba ya dawo daga Azahar ya kishingiɗa, sannan na lallaɓa na sauko da laftof ɗin, na shige ɗakina na sa sakata. Wannan karon ban jona maus ba. Na ja kibiya zuwa kan littafin kamar yadda yake yi, na ƙwanƙwasa sau biyu. Ko motsi. Na sake da ƙarfi, na sake da yatsa na tsakiya, na sake har kan yatsana ya yi ja. Ni mai shekara ashirin da uku, mai hannu biyu lafiyayyu, ni ma ba ta ji ni ba. Na zame daga kan gado na zauna a ƙasa. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma ni na kira makaɗin.

Na ɗauki waya na rubuta wa Mansir cewa farantin yana motsa kibiya amma ƙwanƙwasa ba ta buɗe komai. Ban gaya masa sauran ba tukuna. Nan take ya amsa da fuskar dariya.

"Ranki ya daɗe, ƙaramin abu ne. Irin wadda muka sa haka take zuwa, ƙwanƙwasar a kashe, sai mutum ya kunna. Mantawa na yi. Jona maus ki buɗe baƙar tagar nan da na nuna miki."

Baƙar taga wani wuri ne da ake rubuta wa na'urar umarni kai tsaye. Ya turo min layi uku, ya ce in kwafa ɗaya bayan ɗaya kada in tsallake ko ɗigo. Na farko ya jero duk abin da ke jone da ita, na ga sunan farantin a ciki, ya ce to na'urar ta san da shi, ba lalacewa ya yi ba. Na biyu ya zubo wasu bayanai masu yawa, ya ce in nemo layin da ke maganar ƙwanƙwasa in gaya masa lambar da ke ƙarshensa. Sifili ce. Na uku ya mayar da sifilin ɗaya. Na cire maus, na taɓa sau biyu, littafin Baba ya buɗe.

Da a da ne da na tashi na yi rawa. Amma yau na daina yarda da gwajin farko. Na kashe ta gaba ɗaya na sake kunnawa, na ƙwanƙwasa, shiru kamar ba a yi komai ba. Na rubuta masa da manyan baƙaƙe cewa ya koma. Ya turo saƙon murya, ana jin janareton shagonsu a baya, ya ce af, umarnin nan ba ya kwana, da an kashe yake gogewa. Ya ce in shiga saiti, in nemi wurin maus da faranti, zan ga ɗan akwati da aka rubuta a gefensa cewa taɓawa ta zama dannawa, in sa masa alama. Na samu, na sa. Na kashe na kunna har sau uku, ina taɓawa a hankali da kan yatsan hagu yadda Baba ke yi, kowane karo yana buɗewa. Na zauna ina kallon akwatin nan, bai fi ƙwayar masara ba.

Sai a lokacin na rubuta masa duka. Allurar, da rigar shaddar, da Kawu Yero, da dalilin Juma'a. Alamar karantawa ta yi shuɗi nan take, amma amsa ba ta zo ba. Na ƙirga minti bakwai a agogon waya. Sannan wannan ya shigo:

"Tunda ya gyaru ki mayar masa kawai. Don Allah kada ki ambaci sunana, kin ga Juma'a ta matso."

Ina gama karantawa saƙon ya ɓace, aka bar min ɗan rubutun nan mai cewa an goge. Bayan minti ɗaya wani ya biyo: "Sauda, ki yi abin da kika ga ya dace." Bai san na riga na gani ba, ko kuma ya sani yana fatan ban gani ba.

Na san wasunku har sun fara gyara zama za su ce ai dama mun faɗa. Ku dakata. Abin da ya rubuta ya goge, ni ma ya zo min a rai tun kafin shi, bambancin kawai ni ban rubuta ba. Hanya ce mai sauƙi. In mayar da ita saman kabad, gobe in ce Baba ka gwada mana, ya taɓa ta buɗe, a yi hamdala, a ce addu'ar Inna ce ta karɓu. Wataƙila ma ya janye maganar Juma'a don murna, ni da Mansir mu fita da farar riga. Na ɗauki tawul ɗin har na lulluɓe ta.

Abin da ya tsayar da ni allurar nan ce. In na yi shiru, Baba zai ci gaba da rayuwa yana ganin an yi masa gargaɗi ne aka ɗaga masa ƙafa. Duk ranar da na'urar ta ɗan yi nauyi, ko cokali ya zame masa, zai koma neman allura, Inna kuma ta koma kuka a kicin. Zan sayi aurena da tsoron da zai zauna a ƙirjinsa har ƙarshen ransa. Na ji kunyar kaina ƙwarai, irin wadda ban taɓa ji ba.

Bayan La'asar na sa hijabina mai ruwan toka, na ɗauki laftof ɗin na yi sallama a falonsa. Yana kujerarsa cikin farar jallabiya, sandarsa a jingine, hannun dama a kwance a cinya inda yake ajiye shi, na hagun kuma a dunƙule. Sai yau na lura ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Na ɗora filo a cinyarsa na ɗora ta a kai, na durƙusa.

"Ɗauke ta, Uwata. Na huta da ita."

Na so in ce ya taɓa kawai ya gani. Amma na san in ta buɗe kafin in yi magana, bakina ba zai ƙara buɗuwa ba.

"Baba, hannunka lafiyarsa ƙalau. Ni na ɓata ta."

Na gaya masa komai, kaina a ƙasa, ina kallon zanen kafet. Asabar ɗin da suka je gashi, da sabuwar manhajar, da yadda aka mayar da hoton gonarsa don kada ya gane, da maus ɗin da ke ƙarƙashin tafina ranar da ya tsaya a bayana, da ɗan akwatin da ba a sa wa alama ba. Na ce ko ni ɗazu ba ta buɗe min ba sai da aka gyara. Bai katse ni ba har na gama. 

Can na ga hannun hagun ya warware. Yatsan ya sauka a kan faranti, ya ja kibiya a hankali zuwa kusurwa, ya tsaya a kan littafin. Ya daɗe a haka. Sannan ƙwas, ƙwas. Shafin ya buɗe daidai inda ya tsaya, a tsakiyar jimlar da bai ƙarasa ba. Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya rufe, ya sake. Sau biyar na ƙirga. Inna tana bakin ƙofa da gefen zaninta a baki, ban san lokacin da ta zo ba. Baba ya cire tabarau ya goge idonsa da hannun riga.

"Kwana goma sha takwas ina bankwana da hannun nan," ya ce, ba da ni yake ba.

Na fashe da kuka ina cewa ya yafe min. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya tambaye ni ko ni kaɗai na yi aikin. Wallahi e ta zo har bakin harshena. Na ce ni da Mansir ne, amma ni na kira shi, ni kuma na ce a ɓoye. Ya ce yaron ya san abin da ya biyo baya? Na ce ɗazu na gaya masa.

"Me ya ce?"

"Shi ya nuna min yadda zan gyara."

Gaskiya na faɗa, amma ku kun san ba duka ba ce. Baba ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa buhun iri in mai sayarwa ya cika yabonsa. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce maganar Juma'a ya janye ta, tsoro ne ya yi ta ba shi ba, zai kira Yaya Maimuna da kansa ya ba ta haƙuri. Zuciyata ta yi tsalle, har na fara godiya, ya ɗaga yatsa.

"Ban gama ba. Ki ce masa ya zo gobe bayan La'asar, shi kaɗai, ba magabata. Kuma kada ki gaya masa na san da hannunsa a ciki."

Na ce Baba, kuskure ne.

"Na sani. Ɓata abu ba ya hana mutum mata. Ni na taɓa ƙona wa wani bawan Allah gonar gyaɗa guda a Zungur da maganin da ban gwada ba. Da ƙafata na je na tsaya a ƙofar gidansa kafin ya zo nemana. Abin da nake so in gani ke nan. In ya faɗa da bakinsa kafin in tambaya, ko shekara ce zan jira shi. In kuwa ya sha shayina ya tashi bai faɗa ba, ba zan ce miki komai ba, Uwata. Ke za ki zauna da shi, ke za ki yanke."

Ya mayar da tabarau, ya sunkuya kan allo kamar ba na wurin.

To ga ni a ɗaki. Saƙon Mansir yana nan tun ƙarfe biyar saura: "Ya ake ciki? Kin ambace ni?" Kalma ɗaya daga gare ni ta ishe shi. In ce masa Baba ya sani, ka riga shi faɗa, gobe ya zo ya durƙusa ya yi bayani mai kyau, ya ci jarrabawa, a sa rana bayan Sallah. Babu wanda zai taɓa ganewa. Sai dai ni ba zan taɓa sanin wanne ne mijina ba, wanda ya rubuta saƙon nan ko wanda ya goge shi. Ina son Mansir, ina kuma tsoron gobe fiye da yadda na ji tsoron Juma'a. Amma sau ɗaya na yi ɓoyo don in ƙara masa maki, kun ga wanda ya biya.

Na rubuta masa: "Baba yana son ganinka gobe bayan La'asar. Kai kaɗai." Ban ƙara ko harafi ba, na tura.

Ya yi shuɗi. Saman allon ya nuna yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya sake dainawa. Na kifa wayar a kan filo. Ba lokacin aikin Baba ba ne, an kusa kiran Magariba, amma daga falo ina jin yatsansa, ƙwas, ƙwas, ƙwas.